Tambaya da Amsa: Wakilin Mai Gini a Aikin Cibiyar Adana Bayanai

Tambaya: Kamfaninmu zai gina cibiyar adana bayanai a Kano, an ce mu ɗauki wakilin da zai tsaya a kan aikin a madadinmu. Tunda ga ɗan kwangila, mene ne amfaninsa? Daga wani mai karatu, Kano.

Amsa: Malam, ɗan kwangila ribarsa yake karewa, wakili kuwa aljihunku. Bulo da siminti ba su ne wahalar ba, wuta da sanyi su ne aikin. Wakili zai sa a yi odar taransifoma, janareta da na'urorin sanyaya tun kafin a haƙa fandisho, domin sukan ɗauki watanni kafin su iso.

Idan matakin inganci na Tier III kuke nema daga Uptime Institute, wato kamfanin da ke tantance irin waɗannan cibiyoyi ya ba da shaida, dole ya zamana ana iya kashe kowace na'urar wuta ko sanyi a gyara ta alhali kwamfutoci na aiki, a kuma tanadi dizal na aƙalla awa 12. Shaidar zane daban, ta kammalallen gini daban. Masu gini da yawa a nan suke ruɗewa.

Inda wakili ya fi amfani shi ne gwajin ƙarshe. A jona na'urori masu zuƙar wuta da fitar da zafi a madadin kwamfutoci, a yanke wutar gari da gangan, a ga ko batiran UPS, wato na'urar da ke ba da wuta nan take idan an ɗauke, sun riƙe har janareta ya karɓa, iskar kuma ta tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 27 na ma'aunin Celsius. Kada a biya cikon kuɗi sai an ci wannan gwaji. A Kano kuma, wakili ya duba matatun iska sosai, ƙurar hunturu na toshe su da wuri.