Injin jirgin da nake haɗawa yana ɗaukar zafi, in ƙara faɗin ƙofar iska?

Tambaya: Assalamu alaikum injiniya. Ni bakanike ne a Mabera, Sakkwato, ina haɗa ƙaramin jirgi mai kujera biyu a gareji, na samu tsohon injin Lycoming O-320. In na tada shi a ƙasa bai kai minti 10 sai gejin kan silinda ya kai digiri 230, lamba 3 ta fi kowace zafi. Ina so in yanke ƙofofin iska na gaban murfin injin su ƙara faɗi in kuma ɗaura fankar lagireton mota a ciki. Mi ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam malam, sannu da ƙoƙari. Aje almakashin nan tukuna, kar ka yanke komai, fankar mota kuma ka bar wa mota abinta don nauyi kawai za ta ƙara ma ta kuma tare hanyar iska in jirgi ya tashi.

Mu fara da lambobin. Jan layin Lycoming a kan silinda digiri 260 ne na salshiyos, amma wannan iyaka ce ta kar a wuce, ba wurin zama ba ne, masu son inji ya daɗe suna riƙe shi wajen 200 ko ƙasa da haka. Baƙin mai kuma ana son shi wajen 82, iyakarsa 118. To 230 ɗinka bai kai jan layi ba amma hwa alminiyam na kan silinda ƙarfinsa raguwa yake tun kafin nan, bawul ɗin hayaƙi ma suna shan wuya. Kafin ka yarda da gejin ma ka gwada shi, ka cire sansan, wato ɗan abin da ke jiyo zafin ya aika wa geji, ka tsoma a ruwan da ke tafasa, ya kamata ya nuna kusan 100. Kuma wanda ake sawa ƙarƙashin filogi ba ya karanta daidai da wanda ake ɗaurawa a ramin da kamfani ya yi a kan silindan, in ka gauraya iri biyu a inji ɗaya lissafinka zai rikice.

Abin da yawancin masu haɗa jirgi a gida ba su gane ba shi ne, ba yawan iskar da ta shiga murfin inji ke sanyaya shi ba, wadda ta bi ta tsakanin haƙarƙarin silinda, wato siraran fikafikan ƙarfen da ke jere a jikinta, ce kawai ta yi aiki. Murfin a rabe yake gida biyu, sama da ƙasa, fallayen alminiyam ɗin nan da ake kira bafil su ne bangon da ya raba su. Iska ta shigo ta gaba ta taru a sama ta yi matsi, ƙasa kuma matsin kaɗan ne, sai dole ta kutsa ta cikin haƙarƙarin ta kwashi zafi ta fita ta ƙofar baya ta ƙasa. Kamar ban ruwa ne a fadama, in kwarin ya ɓalle a hanya ko ka ƙara injin jan ruwa na biyu albasar ƙarshen gona ba za ta sha ba. Duk wata kafa da ka bari, ko mai faɗin ɗan yatsa ce, iska can za ta bi don ta fi sauƙi, kuma ɓarnar biyu ce, ta rage matsin sama ta ƙara na ƙasa.

Don haka aikinka na farko da daddare za ka yi shi. Rufe murfin kamar za a tashi, ka zura tocila mai haske ta ƙofar ƙasa, kai kuma ka leƙa ta ƙofofin gaba, duk inda ka hango haske wanda ba ta cikin haƙarƙarin silinda ya fito ba to nan iskarka take tserewa. Ka duba gefen da bafil ya haɗu da jikin inji, wurin da wayoyin filogi suka ratsa, kewayen altaneta da gaban inji bayan farfela. Ƙananan kafofi ka cike su da jan gam na silikon mai jure zafi. Robar bakin bafil kuma dole ta kwanta ta fuskar ciki da gaba yadda in iska ta hura za ta ƙara manne ta da murfi, in ta lanƙwashe baya lokacin da kake rufewa ta zama ƙofa a buɗe. Buɗe murfin ka dubi cikinsa, inda roba ke taɓawa za ka ga zanen gugarta, inda babu zane ba ta taɓawa. Kar ka sa robar tiyub ɗin taya, zafi zai busar da ita ta tsage. Akwai kuma ƙananan bafil na ƙarƙashi tsakanin silinda biyu, injin da aka saya na hannu sau da yawa babu su ake kawo shi.

Batun lamba 3 kuwa sananne ne a wanga inji. Ita ce ta baya a hannun dama, kuma gefen kanta da ya jingina da bafil na baya haƙarƙarinsa gajeru ne sosai, in fallen ya manne da ita iska ba ta da hanyar sauka ƙasa. Masu haɗa jiragen RV, ƙananan jiragen da ake sayen kayansu a haɗa a gida, sukan sa washa, wato ɗan zoben ƙarfe, ɗaya ko biyu a ƙusar wurin don a samu 'yar rata, wasu su ƙera ɗan kwari a jikin fallen, kuma sau da yawa hakan kaɗai na sauke ta. Jirgin Air Beetle da aka haɗa wa sojan sama a Kaduna ma daga RV-6A aka samo shi, da injin Lycoming, in ka samu tsohon injiniyan da ya yi aiki a kansu ka ja shi da hira.

Sai bayan ka gama toshe kafofi za a yi maganar girman ƙofa, kuma ta fita ake fara dubawa. Iskar da ta yi zafi kumbura take, tana son hanya mai faɗi, ga bututun salansa da ƙafar taya sun cinye rabin wurin. Ɗan leɓe na alminiyam da aka lanƙwasa ƙasa a bakin ƙofar fitar yana taimakawa ya zuƙo iskar waje. In ana son tabbaci akwai awo mai arha, siririn tiyo mai garai-garai a lanƙwasa shi kamar harafin U a zuba ruwa, baki ɗaya ya tafi saman inji ɗaya ƙasa, bambancin tsayin ruwan shi ne matsin, irin wanga inji yana son wajen inci 5 zuwa 6. Amma a sama ake wannan awon, a ƙasa ba za ka ga adadin ba.

Wanda ya kawo mu ga gwajin da kake yi a gareji. Murfin jirgi don gudu aka ƙera shi, a ƙasa iskar farfela ce kawai, gindin farfelar da ke daidai ƙofofin kuwa kusan ba ya tura komai. Ka juya hancin jirgin ya fuskanci iska, ka yi gwajin da sassafe bayan asuba, in ya doshi 200 ka rage totur ka kashe ya huce. Kuma kar ka ce bari in cire murfi ya sha iska ka ba shi wuta, silindan baya su za su ƙone. Ka duba taimin ɗin magneto, mai ba filogi wuta, da abin da aka buga a farantin injin, in ya yi gaba ko da kaɗan zafi zai hau, haka in kabureta ba ta ba da isasshen mai a cikakken totur, don man da ya yi rara shi ma sanyaya kan silinda yake.

Yanayinmu ma ba ya raga wa kowa. Filin jirgin Sultan Abubakar III kusan ƙafa 1,000 yake sama da teku, amma ranar Afrilu da zafi ya kai 42 iskar ta yi sakayau kamar kana wajen ƙafa 4,500, ga ta da zafi ga ta ba nauyi, tsarin da ya ishi mai jirgi a Jamus ba lallai ya ishe ka ba, musamman kula, wato abin sanyaya baƙin mai, ka nemi babba. Lokacin hunturu ƙura ke liƙewa da maiƙo ta toshe haƙarƙari, zanzaro kuma zai gina ma ɗaki a cikin kula cikin kwana kaɗan, shi ya sa ake toshe ƙofofin da soso in an aje jirgi, a ɗaura masa jan ƙyalle don kar a manta shi a ciki. Fetur na gidan mai ma a yi hankali, in ƙarfinsa bai kai wanda injin ke so ba, ga zafi, nokin ne zai biyo baya.

Maganar tashi kuwa sai NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta duba jirgin ta ba da izini, kuma matuƙi mai lasisi ne zai yi gwajin farko. Shi ya san in zafi ya hau a hawa sai a sassauta hanci a ƙara gudu. Ka sa geji a silinda huɗun duka, ka yi gwajin tocilan nan, sai ka turo min lambobin kowace silinda da na baƙin mai da zafin garin a ranar.