Robar da ke tsukewa da zafi: wace za a saya, da me kuma za a gasa ta?

Tambayoyin wannan makon sun taru ne a kan abu guda, wato siririn tiyon robar nan da ake zurawa a kan mahaɗar waya, a kara masa zafi ya tsuke. Na zaɓi guda biyar.

Tambaya: Malam, ina ɗan taɓa haɗa kayan lantarki a gida, kuma babu abin da ke min daɗi kamar in ga robar nan ta tsuke ta kama waya gam. Har wayar da lafiyarta lau nakan sa wa, don kawai in kalla. Me ke sa ta yin haka? Kuma ko in daina sayen baƙin salatif gaba ɗaya?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, masu wannan ɗabi'a suna da yawa. A aikin lantarki yawancin abin da mutum ya yi ba ya ganuwa, sai ya ɗauko mita ya auna kafin ya san ya dace ko bai dace ba. Wannan kuwa a gaban idonka take faruwa, cikin 'yan daƙiƙu, mahaɗa mai muni ta koma tsaf kamar daga kamfani ta fito.

Abin da kake kallo komawa ce robar ke yi asalinta. A kamfani ana fara fitar da tiyon ne a ƙaramin girmansa. Sai a haska shi da hasken elektiron mai ƙarfi, wanda ke sa dogayen zaruruwan robar su ƙulle da juna kamar raga. Robar da aka yi wa haka ba ta ƙara narkewa ta zube, sai dai ta yi laushi. Daga nan a ɗumama tiyon, a buɗa shi da iska har ya ninka faɗinsa, a sanyaya shi a haka. Da ya huce sai ya daskare a buɗe, ya zauna yana jira. Ranar da ka kara masa zafi, abin da ya riƙe shi ya saki, ƙulle-ƙullen nan su ja shi zuwa girman da aka haife shi da shi. Shi ya sa ba ya tsukewa sau biyu, kuma ba ya wuce iyakarsa ko da za ka wuni kana gasa shi.

Wani masani ɗan Ingila, Arthur Charlesby, shi ne ya bayyana a 1952 cewa irin wannan haske yana ƙulla zaruruwan roba. Paul Cook kuma ya kafa kamfanin Raychem a Kalifoniya ta Amurka a 1957, ya mayar da binciken sana'a, kuma daga wannan kamfani tiyon ya yaɗu, musamman a wayoyin jiragen sama da kayan soja.

Salatif kuwa kada ka raba gari da shi. Gaskiya ne gam ɗinsa yakan saki idan ya sha zafi, bakinsa ya ɗaga, ya bar danƙo mai kama ƙura. Amma yana shiga inda tiyo ba zai shiga ba, misali inda waya ta rabu uku, ko inda babu bakin da za ka zura komai. Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne daɗin nan da kake ji. Tiyo yana rufe mahaɗa mai kyau da marar kyau daidai wa daida. Idan dalmar da ka narkar ka liƙe wayoyin da ita ba ta kama ba, abin da ka samu kyan ɗan maciji ne, don salatif ana iya warware shi a duba, tiyo kuwa sai an yanka. Ka ja wayar da hannu, ka auna ta da mita, sannan ka rufe. Idan dalmar ta bar tsini, ka goge shi, domin robar tana laushi lokacin tsukewa, tsinin zai huda ta daga ciki.

Tambaya: Na sayi akwati mai girma iri-iri da launi kala-kala. Wasu sun tsuke amma suna zamewa a kan wayar, wasu kuma sun tsage. Jabu aka sayar min?

Amsa: Mai yiwuwa, amma na fi zargin awo. Lambobi biyu ake dubawa: faɗin tiyon kafin zafi, da adadin tsukewarsa. Idan an rubuta 2:1, yana komawa rabin faɗinsa. 3:1 kashi ɗaya cikin uku. 4:1 kashi ɗaya cikin huɗu. Yawancin akwatunan nan 2:1 ne zalla.

Ga inda matsalar take. A ce wayarka milimita 3 ce, mahaɗar kuma ta kumbura ta kai milimita 5. Tiyo mai milimita 6.4 na 2:1 zai wuce ta kan mahaɗar lafiya, amma iyakar tsukewarsa milimita 3.2, wato zai kama tsakiya ya bar bakuna biyu suna reto. Mai milimita 6 na 3:1 kuwa yana iya sauka har milimita 2, don haka zai kama ko'ina. Ka auna wuri mafi kauri da wuri mafi siranta, ka zaɓi wanda zai wuce na farko da ɗan sarari, kuma iyakarsa ta yi ƙasa da na biyu. Da a ce iri ɗaya kawai zan ajiye, 3:1 zan ɗauka.

Akwai wani ruɗani kuma. Wasu masu sayarwa faɗin tiyon a kwance suke rubutawa, bayan an danne shi, ba faɗin ramin ba. Idan haka ne, ka raba lambar da 1.57. Mai milimita 10 a kwance, raminsa kusan 6.4 ne.

Tsagewa kuma tana da dalilai uku: an tilasta tiyo ƙarami a kan abu babba, ko zafi ya yi yawa a wuri guda, ko almakashi ya bar ɗan tsagi a baki. Wannan na ƙarshe shi aka fi rainawa, alhali tsagi ɗan mitsitsi yana bin tsawon tiyon da zarar ya fara ja. Ka yanka shi tas, ka kuma ƙara ɗan tsawo, don yana raguwa ta tsawo ma, wani lokaci har kashi 10 cikin 100.

In kana son sanin ingancinsa, duba rubutun jikinsa. Na kirki, wanda galibi da roba mai suna poliyolefin ake yi, yakan ɗauki tambarin 125°C, da bolt 600 ko 300, da VW-1, alamar cewa ya ci gwajin kashe kansa idan wuta ta kama shi. Wanda babu rubutu ko ɗaya a jikinsa, ka bar shi ga ƙananan wayoyin batir da na fitilu, kada ka kai shi kan wutar gida.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai koyon gyaran na'urori. Ina amfani da laita. Ya zama dole in sayi na'urar hura iska mai zafi, ko ta busar da gashi za ta wadatar?

Amsa: Malama, ta busar da gashi ba za ta yi ba. Poliyolefin yakan fara motsi ne wajen digiri 90, ya gama tsukewa kusan 120, na'urar gashi kuwa an ƙera ta ne don kada ta ƙona fatar kai, ba ta kaiwa can. Za ki ga ya ɗan ja, ki ɗauka ya gama, alhali bai kama ba.

Laita tana aiki, kowa ya sani. Illarta ita ce zafinta ya ninka abin da ake buƙata sau da yawa, yana taruwa a gefe ɗaya, kuma harshen wutar mai launin rawaya yana barin baƙin hayaƙi a jikin robar. Idan dole ce, ki riƙe wutar nesa kaɗan, ki yi ta juya wayar, kada ki tsaya. Kada ki kuskura ki kusantar da ita ga batir ko fetur.

Tun da sana'a kike koyo, ki saya. Ki nemi wadda ake rage mata zafi, domin waɗannan na'urori suna haura digiri 500, ki kuma nemi bakin nan mai lanƙwasa da ke zagaye iskar a bayan waya. Idan kina da na'urar iskar da ake cire ƙananan kayan cikin wayar hannu da ita, ta isa, sai ki rage zafin. Ki fara daga tsakiya ki yi waje, don iska ta samu hanyar fita. Sannan lokacin da kike liƙa dalma, ki ture tiyon can nesa, saboda tagulla tana ɗaukar zafi, sai ki waiwaya ki tarar ya tsuke a inda ba a aike shi ba.

Tambaya: Wayar cajata ta fara tsagewa a wuya, kan nata kuma ya fi ƙarfin tiyon da nake da shi. In tsaga tiyon ta tsawo in naɗa?

Amsa: A'a. Da zafi ya taɓa shi zai buɗe ya nannaɗe ya faɗi. Nemi mai 4:1 wanda zai haɗiye kan, ko salatif na silikon mai manne wa kansa. Wannan idan rigar waje ce kaɗai ta tsage. In har cajin yana ɗaukewa yana dawowa idan ka motsa wayar, tagullar ciki ce ta karye, roba ba ta da maganin wannan.

Tambaya: Zan gyara wayoyin babur da na sola da ke waje, ina kuma da batura 18650, masu siffar ƙaramin gwangwani da ake yi wa caji, da rigarsu ta yage. Iri ɗaya zan saya musu?

Amsa: Iri biyu za ka saya, Malam. Tiyo na yau da kullum ba ya hana ruwa, yana bi ta bakinsa ya kwanta a ciki, tagulla ta yi kore ba ka sani ba. Na waje sai mai gam a ciki, wanda galibi 3:1 ne ko 4:1. Gam ɗin yana narkewa ya cike kowane lungu, kuma alamar ya gama ita ce ka ga ya ɗan tsattsafo ta bakuna biyu. Ka zaɓi baƙi, ya fi sauran launuka jure rana. Ka sani yana ƙagewa bayan ya huce, don haka a wurin da ke girgiza, wayar takan karye daidai inda tiyon ya ƙare. Ka ɗaure ta a gaba da baya. Idan wayoyi biyu masu tafiya tare za ka gyara, kada mahaɗunsu su zo kafaɗa da kafaɗa, ka sa ɗaya gaba ɗaya baya.

Batir kuma ka yi masa hanzari. Gwangwanin 18650 gaba ɗayansa ɓangaren ragi (−) ne, har zuwa bakin sama, 'yan milimitoci kaɗan daga maɓallin ƙari (+) da ke kansa. Rigar da ta yage a nan tana iya haɗa su, batirin ya yi zafi ya kama wuta. Rigarsa siririyar roba ce da ake kira PVC, ana sayar da ita a yanke, faɗinta a kwance kusan milimita 29.5. Tiyo mai kauri zai hana batirin shiga mazauninsa, kuma yana neman zafin da batir ba ya so. PVC ɗin tana tsukewa da zafi kaɗan, a nan ne ma na'urar busar da gashi take iya amfani. Kafin ka zura ta, ka tabbata zoben nan na takarda ko roba yana zaune a kewayen maɓallin ƙari, in ya ɓata ka sa sabo. Batirin da ya lotsa ko ya yi tsatsa kuwa ba a yi masa sabuwar riga, wurin karɓar tsofaffin batura za ka kai shi.