Ƙarfi ya ƙaru, damtse na nan yadda yake

Ka ce wata guda kana ɗaga ƙarfe, nauyin da kake ɗauka ya ƙaru amma damtse ko motsi. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, haka abin yake farawa.

A makonnin farko ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke koyon aikin, suna sa zaren tsoka masu yawa su ja lokaci guda. Ka tuna yadda sandar take rawa a hannunka ranar farko, yanzu ta daina? To, shi ne wannan.

Kaurin tsoka yawanci sai bayan mako 6 zuwa 8 ido ke fara ganinsa, shi ma sai da furotin da isasshen barci. Agara kuwa ta fi tsoka jinkirin yin ƙwari, saboda haka riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan.