Tsohuwar magana a zauren tattaunawa na intanet: a tono ta ko a buɗe sabuwa?

Malam, ka ce kai sabon shiga ne, ka tarar da tattaunawa ta shekara uku kan matsala irin taka, kana tambaya ko ka ɗora a ƙarƙashinta.

Fara duba ranar saƙon ƙarshe. In ya wuce wata shida, buɗe sabuwa ya fi. Dalili kuwa, a yawancin zauruka amsa ɗaya tak tana cilla tsohuwar magana zuwa sama, sanarwa ta je wa duk wanda ya taɓa tofa albarkacin bakinsa. Sai mutane su hau ba mai tambaya na farko amsa, alhali ya daɗe da tafiya, taka tambayar kuma ta nutse a ƙasa. Ga shi wataƙila manhajar da ake magana a kanta ta canja tun lokacin, maganin jiya ba lallai ya yi aiki yau ba. Shi ya sa masu kula da zaure kan kulle tsofaffin tattaunawa.

A sabuwar, saka mahaɗin tsohuwar, ka faɗi samfurin na'urarka da abin da ka riga ka gwada.

Amma in mafita ka samo wadda ba a kawo ba, don Allah rubuta ta a ƙarƙashin tsohuwar, masu bincike za su amfana.