Me ya sa Ryu ya yi ƙiba a filasma?

Ka ce ka saka wa kwastoma gem ɗin Street Fighter II a emuleta, wato manhajar da ke kunna tsofaffin gem a na'urar zamani, ya ce baƙin nan na gefe da gefe ya dame shi, ka ja hoton ya cika allo, sai ga Ryu, ɗan damben cikin gem ɗin, ya koma kamar buhun gero. Yanzu kana tambayata wace lamba za ka zaɓa. To, yaro, ajiye sukundireban nan ka jawo benci.

An zana gem ɗin nan ne domin tsohuwar talabijin mai ƙeya, mai faɗi 4 tsayi 3. Filasmar yau kuwa 16:9 ce. Duk ranar da ka ja 4:3 ta cika ta, ka ƙara wa kowane abu faɗi da kashi ɗaya bisa uku. Baƙin gefen nan lafiyarsa ƙalau, ka bar shi. Ka fara duba rimot ma tukuna, don sau da yawa emuleta ta yi aikinta, talabijin ce ke jan hoton da kanta.

Inda ku yaran yanzu kuke faɗawa rami shi ne ƙidayar ɗigo. Kun taso da waya, kun ɗauka kowane ɗigon hoto faɗinsa da tsayinsa ɗaya ne. A da ba haka ba ne. Injin da kamfanin Capcom ya fitar da gem ɗin nan a kai a 1991 yana fitar da ɗigo 384 a kwance, 224 a tsaye. In ka raba, sai ka ga ya kusa 16:9, ka ce ai ga amsa. Ina! Matse su ake yi cikin allon 4:3, kowane ɗigo siriri, masu zanen kuma sun san da haka. Shi ya sa ko ba ka ja komai ba, muddin ka bar ɗigon a daidai wa daida, Ryu zai yi tumbi. Super Nintendo akasin haka ce: 256 da 224, ɗigonta faɗi 8 tsayi 7, in ka bar shi yadda ya zo sai Mario ya rame. Akwai masu gardama cewa wasu masu zanen ba su lissafa da wannan ba, har da'irarsu ta fi fita in an bar ɗigon a daidai wa daida. Gaskiya ne a wasu gema-geman, amma ni abin da aka gani a falo nake bi.

Gema-geman hannu kuma kada ka kuskura ka sa musu 4:3. Game Boy 160 da 144 ce, Advance 240 da 160, wato 3:2. Pac-Man allonsa a tsaye yake.

A manhajar emuleta ta RetroArch, wajen saitin faɗi da tsayin hoto ka zaɓi Core Provided, wato yadda injin gem ɗin ya tsara, ka kunna Integer Scale, mai ninka hoton da cikakkiyar lamba. A allo mai layi 1080, layi 224 sau 4 ya ba ka 896, ɗan baƙi zai rage sama da ƙasa, amma hoton ba zai riƙa rawa ba in ana gudu.

In dattijo ya rantse ba haka ya san gem ɗin Sonic na Sega ba, kada ka yi musu da shi. Wataƙila Sega 'yar Turai ya buga, mai tsarin PAL irin na tsofaffin talabijin ɗinmu, wadda take danne hoton tsakanin baƙi sama da ƙasa, ta kuma rage gudu. Nemo masa ta Turai ka saka masa. Tashi ka gyara wa mutumin nan nasa kafin la'asar.