Kamfanin Jirgi Zai Biya Mini Kuɗin Koyon Tuƙi?

TAMBAYA: Kyaftin, barka da ƙoƙari. Shekaruna 22, na gama digiri a lissafi, burina kuwa tun ina ƙarami in tuƙa jirgin sama, amma kuɗin makarantar ya fi ƙarfin gidanmu. Na ji wai akwai kamfanonin da ke koya wa matasa tuƙi kyauta, su kuma ba su aiki. Gaskiya ne? Ina sa tabarau, ko zai hana ni? Sannan an haɗa ni da wani da ya ce in na biya shi zai samo mini gurbi.

AMSA: Ɗana, bari in fara da mai samo gurbin, don ya fi gaggawa. Riƙe kuɗinka. Kamfani a shafinsa na intanet yake buɗe neman gurbi, na 'yan kwanaki ko makonni, ya rufe. Ba ya aiko ɗan kamasho.

Shirin kuwa akwai shi. British Airways ya buɗe nasa a 2023, yana biyan kuɗin horon da ya kai kusan fam 100,000 a kan kowane ɗalibi, kuma bai nemi digiri ba, sakamakon sakandare ya isa. Sai dai a zagayen farko sama da mutum 20,000 suka nemi gurbi 100. Air France da Aer Lingus da Cathay Pacific ma suna da nasu. Inda gizo ke saƙar shi ne layin da matasa ba sa karantawa, wato wa ya cancanta. Na British Airways sai mai izinin zama da aiki a Birtaniya. Wanda Emirates ke biya, na 'yan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne; baƙo na iya shiga makarantarsu ta Dubai, amma da aljihunsa. Saboda haka ka ɗauko fasfonka ka ajiye a gabanka, sannan ka duba kamfanonin da zai buɗe maka ƙofarsu.

Tabarau ba ya hana tuƙi, ni kaina da shi na yi ritaya. Abin da ake so, in ka sa shi ganinka ya kai mizani. Wanda ke kayar da mutane shi ne bambance launi. Likita zai buɗe maka wani ɗan littafi, gwajin Ishihara, kowane shafi cike da ɗige-ɗige masu launi, da lamba a ɓoye a ciki. Na taɓa raka wani yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya haddace littattafan tuƙi kamar ya ci su. Shafin farko ya ce 12, da ƙarfinsa. Aka juya, ya yi shiru, ya matso da fuska, ya karkata kai, ya ce babu komai a wurin. Shekararsa 24 bai san ja da kore na rikice masa ba. Akan ƙara wasu gwaje-gwajen bayan wannan, amma shi bai haye su ba. Don haka nake cewa tun kafin ka ɗora rai, je wurin likitan da hukumar sufurin jiragen sama ta amince da shi, a yi maka gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya: ido, kunne, zuciya, jini, fitsari. Kada ka ɓoye wata cuta a takarda, ranar da ta fito lasin ɗin ne zai tafi.

In ka tsallake, sai tankaɗe da rairaya. Da farko gwaji a kwamfuta: lissafin ka cikin sauri, riƙe lambobi, sarrafa sanda da hannu kana sauraron umarni a kunne. Digirinka zai taimaka, amma agogo ake tsere da shi, sai ka yi ta atisaye. Daga nan a haɗa ku biyar ko shida a ba ku matsala ku warware. A nan masu son nuna kai ke faɗuwa. Masu tantancewa na bayan ɗaki da alƙalami, suna lura da wanda ya katse ɗan'uwansa da wanda ya juya ya tambayi mai shiru ra'ayinsa, domin mutum biyu ke zama a gaban jirgi. Turancinka ma sai ya kai mataki na 4 a ma'aunin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, tunda da shi za ka yi magana da hasumiyar filin jirgi.

Sai kalmar nan "kyauta", wadda nake so ka tauna sosai. Wani kamfanin biya yake yi dungurungum. Wani ya biya, ya riƙa cirewa daga albashinka. Wani kuwa sunansa kawai ya ara wa makaranta, bashin banki na wuyanka. Ko wanda ya biya ɗin, yakan ɗaure ka da shekarun aiki, wasu har bakwai, in ka tafi ka biya saura. Ka tambaya a rubuce: in na faɗi jarrabawa a tsakiya, wa zai ɗauki asarar? In na gama babu gurbin aiki fa? Ka kuma tambayi irin lasin. Akwai MPL, lasin mataimakin matuƙi a jirgin da mutum biyu ke tuƙawa, wanda ICAO ta fito da shi a 2006, horonsa a ɗinke yake da tsarin kamfani ɗaya. A 2020, da korona ta ajiye jirage a ƙasa, ɗalibai da dama sun tsinci kansu ba ga tsuntsu ba ga tarko: kamfani ya janye, horon bai kammala ba, komawa lasin na gama-gari kuma sai ƙarin kuɗi.

Shekara 22 ba ka makara ba, matuƙin jirgin fasinja na ƙasa da ƙasa yana aiki har ya kai 65. In an ƙi ka bana, da yawansu suna bari a sake nema bayan wani lokaci. Je ka ga likitan, ka rubuto mini abin da ya ce game da littafin ɗige-ɗigen.