Me ya sa Fatima da Aisha ba sa fita daga bakin mawaƙa?

Tambaya: Malam, daga Mabera nake a nan Sakkwato. Duk waƙar soyayyar da na kunna, in ba Fatima ba to Aisha, in ba su ba Zainab ko Maryam. Ni sunana Suwaiba, ban taɓa jin an waƙe shi ba. Sauran sunayen ba su da daɗi ne?

Amsa: Ƙanwata, sunanki ba shi da aibu ko kaɗan. Suwaiba ma ai ta shayar da Annabi (SAW) tun kafin Halimatus Sa'adiyya. Abin da ke jan mawaƙa daban ne.

Mawaƙin zamani kasuwa yake nema. Da wuya ki shiga gida a Sakkwato ki rasa Fatima ko Aisha, domin iyaye suna neman albarkar iyalan gidan Annabi. Idan ya waƙe Fatima, kowace mai sunan za ta ɗauka tata ce, saurayinta ya tura mata a waya, ranar kamu kuma mai kiɗa ya saka a yi ta liƙi. Waƙa ɗaya ta ci biki ba iyaka.

Sai dai ni a ganina babban dalilin yana cikin ginin waƙar. Dole baiti ya hau kari, ya kuma sauka a kan amsa-amo. Yawancin sunayen mata da "a" suke ƙarewa, kalmomin Hausa masu wannan ƙarshe kuwa ba sa ƙirguwa, don haka Amina ko Hadiza ba sa ba mawaƙi wahala. Ki lura da Zainab: da baƙi ya ƙare, abin da bakin Bahaushe bai cika so ba, sai ki ji an ja shi ya koma Zainabu, Maryam ta koma Maryama.

Ga kuma laƙabi, wanda alkunya ta yawaita mana shi. Uwar da ba ta iya kiran sunan 'yar farinta, ko surukar da aka sa wa 'yarta sunan uwar miji, dole ta sami wata hanyar kira. Haka Fatima ta tara Binta, Fati, Zahra da Batula. Aisha ta sami Indo, A'i da Humaira. Zainab Abu ce, Hauwa Kulu ce ko Jidda. Mawaƙi zai yi baiti huɗu yana kiran mace ɗaya bai maimaita kalma ba, in wannan bai hau kiɗa ba wancan ya hau. Suwaiba ba ta da irin wannan rumbu, nan ne kawai aka fi ki.

Dabarar ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Makaɗan fada irin su Sarkin Taushi Salihu Jankiɗi, makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku (1938 zuwa 1988), suna da Garba, Bubakar da Siddiku da za su kira mai suna Abubakar da su, kamar yadda Umaru yake da Sanda, Aliyu yake da Garga. Bambancin shi ne su mutum ɗaya sananne suke wasawa, na yanzu kuwa suna ne suke jefawa don duk mai shi ya cafe.

Abin da ke damuna shi ne lalacin da ya shigo ciki. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rayu a garin nan, ita kanta marubuciyar waƙa ce da Hausa, Fulatanci da Larabci, amma Asma'u ba ta samun rabin abin da Fati ke samu. Suwaiba kuwa yana amsawa da soyayya, da haiba, da zuciya, mawaƙin da ya zauna ya yi aiki zai fitar da shi tsaf.